Wane man kariyar rana ne ya dace da fatar da ba ta jure komai?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce, shekarata 34. Tun da na yi cikin ɗana na uku kumatuna suka yi duhu, har na yaye shi duhun bai tafi ba. An ce in riƙa shafa man kariyar rana. Na farko da na saya, ina shafawa sai fuskata ta ɗauki raɗaɗi, idona ya yi ta ruwa, bayan kwana biyu ƙananan ƙuraje suka feso min. Na canza wani, shi bai yi min zafi ba, amma sai fuskata ta yi furu-furu har yara suna kallona a aji. Kafin wannan na yi kusan shekara ina shafa wani man haɗi da wata mata ke sayarwa, na daina wata biyu ke nan. Yanzu ko sabulu na sa sai na ji yaji. Don Allah me zan duba a jikin kwalba kafin in sake zubar da kuɗina?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya raya yaron, ke kuma ya ba ki lafiya. Idan na fahimce ki, abu uku ne suka haɗe miki: duhun kumatu da ya zo da ciki ya ƙi tafiya, fata da ta koma ba ta jure komai, da mai iri biyu da kowanne ya zo da tasa matsalar. Kina son sunayen da za ki nema a bayan kwalba da waɗanda za ki guje wa, kuma zan ba ki su. Sai dai zan fara da maganar da kika ajiye kusan a ƙarshen saƙonki, domin a wurina ta fi sauran nauyi, wato man haɗin nan da kika shekara kina shafawa.

Me ya sa fatar ta daina jurewa

A can saman fatar mutum akwai wani siririn sashe na matattun ƙwayoyin fata waɗanda maiƙo ya liƙe tsakaninsu. Shi ke riƙe danshi a ciki, shi ke hana abin waje kutsawa. Kamar yaɓen katangar ƙasa yake: muddin yana nan lafiya, ruwan sama zai bi ta kansa ya gangara, idan ya zube kuwa ko yayyafi sai ya ci katangar. Da yawa daga cikin mayukan haɗi da ake sayarwa ba tare da bayanin abin da ke ciki ba suna ɗauke da sitiroid mai ƙarfi, irin su clobetasol ko betamethasone, sau da yawa tare da hydroquinone mai hasken fata, wani lokaci har da sinadarin makuri. Sitiroid magani ne na gaske, mu ma muna rubuta shi na ɗan gajeren lokaci ga mai kirci da makamantansa. Amma idan aka ɗauki watanni ana lafta shi a fuska, fata takan yi siriri, ƙananan jijiyoyin jini su fito fili, wancan sashe na sama ya raunana. Ranar da aka daina kuma sai fata ta yi bore: zafi, ƙaiƙayi, ƙuraje, duhu ya dawo fiye da da. Boren kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

Ban ga fuskarki ba, ban kuma ga man ba, saboda haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba. Amma macen da ta shekara tana shafa haɗi, ta daina wata biyu, yanzu ko sabulu yana yi mata yaji, labarinta ya yi kama ƙwarai da na matan da ke zuwa wurina da wannan matsala. Daina shi da kika yi daidai ne. Kada zafin da kike ji ya sa ki koma masa, ko da mai sayarwa ta ce miki rashinsa ne ya ɓata miki fuska.

Akwai bambanci da nake so ki riƙe, domin shi zai nuna miki hanya. Raɗaɗin da ke tasowa cikin mintuna bayan shafa mai, yawanci alamar fata ce da ta raunana, kuma idan ta warke tana iya karɓar man da ta ƙi a baya. Alaji na gaske shi ba ya gaggawa: sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙaiƙayi mai tsanani ya taso, wurin ya kumbura ko ya yi ƙananan ƙuraje masu ruwa, kuma duk ranar da aka sake haɗuwa da sinadarin sai ya dawo, ko bayan shekaru. Akwai na uku, wanda sinadarin ba ya yin komai sai hasken rana ya taɓa shi a kan fata, sai a ga fuska da bayan hannu sun tashi, amma wurin da tufa ta rufe lafiya lau. Raɗaɗi da ruwan idon da kika yi nan take sun fi kama da na farko. Ƙurajen bayan kwana biyu kuwa suna iya zama alaji, suna iya zama toshewar ƙofofin fata, suna kuma iya zama boren sitiroid da ya zo daidai da lokacin.

Don haka kafin ki sayi komai, ki ba fuskarki hutun mako biyu. Ruwa mai ɗan sanyi, abin wanke fuska marar turare sau ɗaya a rana, sai farin Vaseline kaɗan ko man kaɗanya tsantsa a kan fata tana da sauran danshi. Ki ajiye dilka da halawa da soso da sabulun salo tukuna. Lemon tsami kuwa kada ya kusanci fuskarki ko bayan kin warke: ruwansa da ɓawonsa suna da sinadarin da idan rana ta buga shi a kan fata yake ƙona ta, ya bar baƙin tabo na watanni. A cikin makonnin nan laima da inuwa su ne kariyarki. Man kaɗanya da man kwakwa suna laushin fata, amma kariyar da suke bayarwa daga rana ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da muke tsare baƙar fata daga gare shi

Hasken rana da ke isowa gare mu ya kasu. Akwai wanda ake kira UVB, mai tsawon zango daga nanomita 290 zuwa 320, shi ne ke ƙona fata. Akwai UVA, daga 320 zuwa 400, wanda ke shiga can ciki, yana ratsa gilashin taga da na mota, yana nan tun safe har yamma, kuma shi ne kan gaba wajen duhunta fata da tsufar da ita. Sai hasken da ido ke gani, daga 400 zuwa 700. Baƙar fata tana da tata kariyar daga ƙuna. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1979 ya kiyasta ta da kusan 13 a ma'aunin SPF, wato lambar ƙarfin kariya daga ƙunar rana, ta farar fata kuwa kusan 3. Shi ya sa ba kasafai rana ke saɓule mana fata ba. Damuwarmu tabo ce da duhu, domin ƙwayoyin da ke yin launi a fatarmu suna saurin tashi, da zarar an tsokane su sai su zuba launi fiye da kima.

Nan ne maganar hasken da ido ke gani ta shigo. A 2010 masu bincike a asibitin Henry Ford da ke Detroit sun nuna cewa wannan haske shi kaɗai yana duhunta fatar masu duhun launi, duhun kuma ya fi na UVA daɗewa, alhali bai yi wa farar fata haka ba. Duhun kumatun da kika kwatanta, idan shi ne wanda muke kira melasma, yana cikin cututtukan da wannan haske ke ruruta su. Ciki ke tayar da shi, ko ƙwayar tazarar haihuwa mai estrogen, rana kuma ta ci gaba da ciyar da shi.

Lambar SPF da aka rubuta ɓaro-ɓaro a gaban kwalba, galibi UVB take aunawa. SPF 15 yana tare kusan kashi 93 cikin 100, SPF 30 kusan kashi 97, SPF 50 kusan kashi 98. Ki nemi 30 zuwa sama, 50 ya fi idan aljihu ya ɗauka, amma kada lambar ta ɗauke miki hankali daga UVA. Mayukan Turai suna sa haruffan UVA a cikin da'ira, ma'ana kariyar UVA ta kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lambar SPF. Na Japan da Koriya suna rubuta PA da alamar tarawa, daga ɗaya zuwa huɗu, ke ki nemi mai huɗu. Na Amurka suna rubuta "broad spectrum", wanda sharaɗinsa bai kai na Turai tsauri ba. Ga 'yan'uwanmu zabiya kuwa lissafin daban yake, domin su ƙuna da kansar fata ne barazanar: SPF 50 zuwa sama kullum, da hula mai faɗi, da tufa mai dogon hannu, da kai duk gyambon da ya ƙi warkewa asibiti ba tare da jinkiri ba.

Zinc oxide, titanium dioxide, da matsalar furu-furu

Sinadaran da ke tare rana a cikin mai iri biyu ne: na ma'adini da na haɗin ɗakin gwaji. Na ma'adinin biyu ne kacal, zinc oxide da titanium dioxide. Su nake fara ba duk mai fata irin taki. Ba sa narkewa su shige jiki, suna zama ne a saman fata, alaji da su abu ne da kusan ba a gani, kuma ba sa yawan yi wa ido yaji. Zinc oxide ɗin nan shi ne a cikin farin man da ake shafa wa jarirai idan kunzugu ya ci musu fata, kin ga kuwa abin da aka yarda da shi a wannan wuri ba zai zama mai zafi ba. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta duba sinadaran kariyar rana 16, waɗannan biyun ne kawai ta ce tana da isasshiyar hujjar amincinsu da ingancinsu.

Tsakanin su biyun, zinc ya fi faɗin kariya, domin yana kaiwa har kusan ƙarshen UVA, titanium kuwa ya fi ƙarfi a UVB. Idan kwalbar ta nuna adadi, kuma zinc ne shi kaɗai a ciki, na fi son in ga kashi 15 zuwa 20 ko sama da haka. Mai da titanium kaɗai ba zai yi miki aikin da kike nema a kan duhu ba.

Man na biyu da ya sa fuskarki ta yi furu-furu, kusan tabbas na ma'adini ne, kuma rashin yi miki zafi labari ne mai daɗi. Ya nuna hanyar da fatarki ta yarda da ita. Farin da yake bari daga garin ma'adinin ne, titanium kuma ya fi zinc yin haka. Kamfanoni suna niƙa garin ya yi laushi ƙwarai don rage farin, za ki ga an rubuta "nano" kusa da sunan, kuma binciken da aka yi ya nuna ba ya wuce saman lafiyayyar fata. Duk da haka a kan baƙar fata sosai yakan bar wani toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Abin da nake gani yana faruwa shi ne mace ta rage yawan man har ya daina nunawa, daga nan kuma kariyar ta tafi, kuɗin ya tafi a banza.

Mafita ita ce mai launi, wanda aka rubuta "tinted" a jikinsa. Launin daga iron oxide yake, wato garin ƙarfe ja da rawaya da baƙi, irin wanda ke cikin hoda da fandeshan. A jerin sinadarai za ki same shi da sunan iron oxides, ko da lambobin CI 77491, CI 77492 da CI 77499. Amfaninsa biyu ne. Yana ɓoye farin, sannan shi ne ke tare hasken da ido ke gani, abin da man da ba shi da launi ba ya iya yi sosai, komai girman lambarsa. A wani bincike da aka buga a 2014 daga ƙasar Meziko, an ba masu melasma maganin duhu iri ɗaya, aka raba su biyu: wasu da man kariya mai iron oxide, wasu da marar shi. Bayan mako takwas masu iron oxide sun fi samun sauƙi. Idan ba ki samu launin da ya dace da fatarki ba, wanda yakan faru domin yawancin kamfanoni launi biyu ko uku suke yi kuma duk sun fi mu haske, ki shafa farin na ma'adinin, ki bari ya zauna minti goma, ki ɗora hodarki ko fandeshan mai iron oxide marar turare a kai. Kada dai ki cakuɗa su a tafin hannu, domin hakan yana tsinka man ya ɓata shimfiɗarsa.

Na ma'adini yana da nasa aibin. Yana da kauri, a bazara yakan yi nauyi a fuska, a hunturu kuma zinc yana ƙara busar da fata, sai an fara shafa mai laushi a ƙasa. Da daddare sai an wanke shi da kyau. Ga fata mai yaji, ki fara narkar da shi da ɗan mai a yatsa, ki share da tsumma mai laushi, sannan ki wanke, ba tare da dirzawa ba.

Tsofaffin sinadarai da sababbi

A cikin na haɗin ɗakin gwaji, wanda ya fi kowanne suna wajen alaji shi ne oxybenzone, wanda wasu kwalabe ke rubutawa benzophenone-3. Shi ne kan gaba cikin sinadaran kariyar rana da ke tayar da alajin da sai rana ta taɓa, har ƙungiyar likitocin alajin fata ta Amurka ta ayyana danginsa a matsayin sinadarin alaji na shekarar 2014. Idan kin gan shi ki mayar da kwalbar inda kika ɗauko ta. Na biyu octocrylene. Yawancin mutane suna jure shi, amma wanda ya taɓa shafa man ciwon gaɓoɓi mai ketoprofen fatarsa ta tashi, yana cikin haɗarin tashi da octocrylene da oxybenzone ma. Sai avobenzone, wanda kwalaben Turai ke rubutawa butyl methoxydibenzoylmethane. Yana tare UVA sosai, sai dai rana tana karya shi idan ba a haɗa shi da abin da zai riƙe shi ba, kuma yana cikin waɗanda ake yawan kuka da su a kan yajin ido idan zufa ta gangaro da shi. Octinoxate, wato ethylhexyl methoxycinnamate, shi ma zan ce ki bar shi a yanzu. Ki ɗauko kwalbar farko ki duba bayanta, ina kyautata zaton za ki samu biyu ko uku daga cikin waɗannan.

Wataƙila kin ci karo da maganar cewa waɗannan sinadarai suna shiga jini. Gaskiya ne, bincike biyu da waccan hukuma ta Amurka ta yi a 2019 da 2020 sun same su a jinin waɗanda suka shafa, sama da ma'aunin da ke wajabta ƙarin bincike. Binciken bai nuna sun cutar da kowa ba, hukumar ma ba ta ce a daina ba. Ni dai mai ciki da mai shayarwa da ƙaramin yaro na fi karkatar da su ga na ma'adini, tunda akwai shi. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa inuwa da tufa ne nasa.

Akwai sababbin sinadarai da ake samu a mayukan Turai da Koriya da Japan da Ostireliya, waɗanda Amurka ta daɗe ba ta shigar da yawancinsu kasuwarta ba. Ƙwayoyinsu manya ne, ba sa ratsa fata da sauƙi, rana ba ta karya su, alaji da su kaɗan ne, kuma yawancinsu ba sa barin fari. Sunayensu dogaye ne, ki rubuta su a waya ki riƙa gwadawa da na kwalba: bis-ethylhexyloxyphenol methoxyphenyl triazine, wanda aka fi sani da Tinosorb S, diethylamino hydroxybenzoyl hexyl benzoate, wato Uvinul A Plus, ethylhexyl triazone, sai drometrizole trisiloxane da ake kira Mexoryl XL. Ɗan'uwansu Tinosorb M yana aiki da kyau, amma yana ɗan barin fari, kuma ana haɗa shi da decyl glucoside wanda ke tayar wa wasu alaji. Idan fatarki ta huce nan da wata biyu ko uku, kuma kaurin na ma'adini ya dame ki, waɗannan ne mataki na gaba. A kula dai, kamfanoni da yawa suna gauraya sababbin da tsofaffin a kwalba ɗaya, sai an karanta jerin har ƙarshe.

Abin da ya fi yawan zama mai laifin

A aikina, idan mutum ya zo yana cewa man kariyar rana ya tayar masa da fata, sau da yawa sinadarin kariyar ba ruwansa. Turaren da aka zuba a ciki ne, ko abin hana mai lalacewa. Ki guji duk wanda aka rubuta "fragrance" ko "parfum" a jerinsa, haka ma limonene, linalool, citral, geraniol, da man itatuwa masu ƙamshi irin su lavender da bergamot da na lemo. Kalmar "unscented" ba ta wadatar ba, domin akan sa wani turaren don a kashe warin sinadarai. "Fragrance-free" ake nema, sannan a tabbatar a jerin. "Hypoallergenic" da "natural" da "organic" kalmomin talla ne, ba su ba ki tabbacin komai ba. Cikin abubuwan hana lalacewa, methylisothiazolinone ya tayar da alaji da yawa har Tarayyar Turai ta hana sa shi a mayukan da ake bari a jiki tun 2017, amma har yanzu yana shigowa cikin kayan wasu ƙasashe. Idan "alcohol denat" yana cikin sunaye huɗu ko biyar na farko, zai yi miki yaji, domin jerin yana tafiya ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Mai fesawa ma ki bar shi.

Mu mata da maza na ƙasar nan muna son ƙamshi, kuma ba laifi ba ne. Amma humra da turaren jiki su tsaya a tufa, kada su taɓa wuya da fuska idan za a shiga rana. Na sha ganin baƙin tabo a gefen wuya, daidai inda ake ɗiga turare.

Waɗanda za ki yi farin ciki da ganinsu a jeri su ne glycerin, ceramide, panthenol, dimethicone da squalane, duk suna taimaka wa fata ta gyara kanta. Niacinamide yana rage duhu, ko da yake fata mai rauni sosai takan ji ɗumi da shi da farko. Gajeren jeri ya fi dogo.

Gwaji, yawan shafawa, da alwala

Duk man da kika saya, ko da ya cika sharuɗɗan nan kaf, kada ki fara da fuska. Ki shafa kaɗan a lanƙwasar gwiwar hannu ta ciki, safe da yamma, wuri ɗaya, har kwana bakwai zuwa goma. Kwana ɗaya ba ya isa, tunda alaji yana jinkiri. Idan lafiya, ki koma gefen muƙamuƙi na kwana uku, kina fita da shi rana, sannan ki kai ga fuska duka. Mai ɗaya a lokaci ɗaya, domin idan kika sabunta abu uku tare kuma fata ta tashi, ba za a gane mai laifin ba. Ki nemi ƙaramar kwalba tukuna.

Lambar SPF ana samunta ne idan an shafa miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata, yawancin mutane kuwa rabi ko rubu'in haka suke shafawa. Ga fuska kaɗai, kusan rubu'in ƙaramin cokalin shayi ne, ko layi biyu a tsawon yatsa manuniya da na tsakiya. A wannan ma'auni kwalba mai mililita 50 shafi kusan 40 za ta yi. Idan ta kai ki wata shida, to ba a shafa yadda ya kamata. Hijabinki ya riga ya tsare miki wuya da kunne idan yadin mai kauri ne, saura fuska da bayan hannu. Ki shafa shi kashi biyu, na farko ya zauna sannan na biyu, hakan yana rage farin. A kewayen ido ki tsaya a kan ƙashi, ki sa tabarau mai duhu idan za ki yi tafiya mai nisa.

Ƙa'idar ita ce a sake shafawa duk bayan awa biyu idan ana cikin rana, ko bayan zufa mai yawa. Ke da kike aji yawancin safiya, shafin farko kafin ki fita zai kai ki, sai dai idan kujerarki tana bakin taga ko kina tsayawa taron safe da fitar yara. Na biyu kuwa bayan alwalar Azahar, domin wanke fuska yana tafiya da shi, kuma lokacin tashi daga makaranta shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. A watannin Maris zuwa Mayu ma'aunin hasken UV a arewacin Najeriya da kudancin Nijar yakan kai 11 ko ya wuce da tsakar rana, alhali daga 3 ake shawartar a fara kariya. Hazon hunturu da gajimaren damina ba sa tare UVA gaba ɗaya. Mata da yawa suna tambayata ko man yana hana ruwan alwala isa fata. Abin da zan iya faɗa a ɓangarena shi ne wanda aka rubuta "water resistant" an yi shi ne ya jure ruwa na minti 40 ko 80, wanda ba a rubuta ba kuwa yana fita da sauƙi. Hukuncin na malamai ne, ki tambaye su. Masu son fita daga kokwanto sukan zaɓi marar jure ruwan, su share shi kafin alwala, su mayar bayan sun idar.

A kan saye, ki je kantin magani ko shagon da kika yarda da shi, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki guji wanda aka ɗura a roba marar suna da sunan haɗin gida. Man kariyar rana ba a haɗa shi a gida, domin ba wanda zai san ƙarfinsa sai an auna a ɗakin gwaji. Ko manyan kamfanoni suna faɗuwa wannan awo: a 2025 ƙungiyar kare masu saye ta Ostireliya mai suna Choice ta gwada mayuka 20, guda 16 ba su kai lambar da aka rubuta a jikinsu ba. Wannan dalili ne na haɗa mai da laima da inuwa. Kada ki bar kwalbar a mota ko a taga, idan kuma kika ga ruwa ya rabu da mai ko warinsa ya canza, ki zubar.

Man kariya zai hana duhun ƙaruwa, zai kuma ba magani damar aiki, amma shi kaɗai da wuya ya share melasma, kuma cuta ce mai dawowa. Akwai magunguna irin su azelaic acid da likita zai iya fara miki idan fatar ta huce. Ina so ki ga likitan fata ido da ido, musamman idan duhun ya koma shuɗi-baƙi da ƙananan ɗigo-ɗigo, wanda ke iya zama illar daɗewa a kan hydroquinone, ko ƙurajen sun yi ruwa, ko fuska ta kumbura, ko akwai ciwon gaɓoɓi da zubar gashi tare da rashin jure rana. Ki faɗa masa duk maganin da kike sha, domin doxycycline, piroxicam, ciprofloxacin da maganin hawan jini hydrochlorothiazide suna sa fata ta kasa jure rana, ƙwayar tazarar haihuwa kuma tana iya riƙe duhun. Idan ana zargin alaji akwai gwajin da ake manna sinadarai a baya na awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, wasu manyan asibitocin koyarwa suna yin sa. Ranar da za ki je, ki tafi da kwalaben nan biyu da robar man haɗin, ko da ta ƙare. Allah ya sawwaƙe, ya ba ki lafiya mai ɗorewa.